Kalmar da Na Komo da Ita Gida

A Kuttanad gonarmu tana ƙasa da ruwa.
Kogi na wucewa sama da kan shinkafa,
ganuwar laka kaɗai ke ce masa: tsaya nan.
Tun ina yaro nake toshe ɓarakarta da hannu,
na san abin da ramin ƙaguwa ɗaya
ke yi wa wahalar shekara.

Ran Alhamis, saura kwana tara girbi,
na tarar da agwagin Ausef a gonata.
Ɗari bakwai, ko fiye, wa ke ƙirga ɓarna?
Zangarniya kwance cikin taɓo,
su kuwa sai guɗa suke kamar 'yan biki.

Eliyamma ta biyo ni bakin ruwa, ludayi a hannu:
"Kuriyakos, sha shayinka tukuna."
Ban sha ba.
Na kwance kwalekwale, jini na tafasa a kunnena.

Ina da kalma. Ta fi zagi nisa.
Shekarar babbar ambaliya ɗansa ya suɓuce masa,
sai bayan kwana biyu aka tsinto shi a gindin kwakwa.
Zan ce: wanda ya kasa riƙe ɗan cikinsa,
ina shi ina tsaron agwagwa?
Na yi ta wasa ta a kan haƙorana,
kowane bugun filafili na ƙara mata kaifi.

Hanyar gidansa ta gaban coci ta bi.
Gicciyen dutse na tsaye a gaɓa, gansakuka ta ci gindinsa.
Hannuna ya tashi da kansa, don sabo:
goshi, ƙirji, kafaɗa, kafaɗa.
Bakin da zai karɓi gurasar Ubangiji ran Lahadi
shi ne wannan da na cika da wuƙa.
Na tuna Wanda aka tofa wa yawu,
yana da abin faɗin da zai ƙone su ƙurmus,
ya bar shi a ciki.
Ban gayyaci tunanin ba. Kamar sauro ya zo,
na kore shi, ya dawo.

Na sami Ausef yana ɗinkin raga.
Ko tashi bai yi ba.
"Agwagwa ba ta je makaranta ba," in ji shi, har da murmushi,
"ina za ta san iyaka?"

Nan ganuwar ta yi ƙara.
Kalmar ta hau har kan harshe, na ji ɗacinta.
A bayansa, jikin bango,
hoton yaron, da busasshen fure rataye.
Na cije. Ɗan jini, gishiri-gishiri.
Na ce: "Buhu goma sha biyu ka ci mini.
Zan zo da dattawan coci mu lissafa."
Muryata na rawa,
amma iyakar kayan da ta ɗauko ke nan.

Ƙarya ne in ce na komo da sanyin rai.
Shayi ya huce. Na faskare itacen da ba a sa ni ba
har tafina ya yi bororo.

Ran Lahadi, lokacin miƙa salama,
ta taso daga bagade, hannu zuwa hannu,
layi bayan layi,
ta iso tafukan Ausef, ni ne na kusa da shi.
Kaushi gare su, da ƙarnin agwagi.
Na karɓa.
Na juya na miƙa wa na gaba.

Buhu biyar ya biya, da kwandon ƙwai.
Saura har yau.
Kalmar ma tana nan, ba ta mutu ba.
Wasu dararen ina jin ta tana lallaɓa ganuwar,
tana neman inda laka ta yi taushi.
Sai in tashi zaune cikin duhu,
in ce Yesu, riƙe mini nan,
in ɗora laka bisa laka
har zakara ya yi cara a tsallaken ruwa.